Bernard Fagg: Baturen da ya rubuta amon duwatsun Birnin Kudu

A watan Yunin 1955 sunan Birnin Kudu ya shiga kundin masana tarihi na duniya. A gefen garin akwai duwatsu waɗanda idan aka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar kuge, kuma a jikinsu akwai gurabe masu santsi da yawan bugu ya bari shekara da shekaru. Mutanen garin sun san su tun kaka da kakanni. Sabon abin da ya faru a wannan shekara shi ne wani Bature mai suna Bernard Fagg ya saurare su, ya ɗauki hotunansu, ya rubuta bayaninsu, ya buga. Bayan wannan rubutu ne masana a wasu ƙasashe suka fara ƙwanƙwasa duwatsun da ke gabansu suna saurare.

Fagg ya mutu tun 1987, kuma da wuya a ji sunansa a bakin matasan Jigawa. Amma duk mai bibiyar takaddamar da ake yi kan kayan tarihin Najeriya da ke ƙasashen waje yana da buƙatar sanin rayuwarsa. Ya fara tara tsofaffin kaya ne don sha'awa, a lokacin da ya tashi daga aikin ofis, ya ƙare yana shugaban hukumar da ke kula da su a ƙasar baki ɗaya. Abin da ya bambanta shi da sauran masu tara kaya shi ne bai yarda ya raba kaya da takardarsa ba: ina aka samo shi, yaushe, a zurfin ƙasa nawa, me aka tarar kusa da shi.

Ɗan mai sayar da tsofaffin littattafai

An haifi Bernard Evelyn Buller Fagg ranar 8 ga Disamba, 1915, a unguwar Upper Norwood da ke Landan. Mahaifinsa, William Percy Fagg, sana'arsa sayar da tsofaffin littattafai, wato kasuwar da darajar kaya take rataye a kan shekarar bugu da sanin hannun da littafi ya bi kafin ya iso kanti. Yayansa, William Fagg, shi ma ya shahara daga baya a gidan tarihi na British Museum a matsayin masanin fasahar Afirka.

Bernard ya yi karatu a kwalejin Dulwich, sannan ya wuce kwalejin Downing ta Jami'ar Kambirij, inda ya karanci tsofaffin harsunan Turai da ilimin tonon kayan tarihi da nazarin al'ummomi. A 1939 ya shiga aikin mulkin mallaka a Najeriya a matsayin ƙaramin jami'in mulki. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi Gabashin Afirka cikin rundunar injiniyoyi, kuma a Kenya ya haɗu da Louis Leakey, wanda ya yi suna wajen tono kayan aikin mutanen farko. A 1942 ya auri Catherine Davidson, wadda ta zama abokiyar aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Da ya dawo Jos, aikin da ake biyansa albashi dominsa shi ne na mulki. Tonon kayan tarihi kuwa abin hutu ne da ƙarshen mako. A haka ne a 1944 ya haƙa wani kogon dutse a Rop, a tsaunukan Filato, ya fito da ƙananan kayan aiki na dutse da mutanen dā suka fafe.

Kan yumɓu a gonar doya

Tun 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, wanda yau yake kudancin Jihar Kaduna, suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu. Kanar Dent Young, ɗaya daga cikin masu kamfanin, ya kai shi ɗakin ajiya na Sashen Ma'adinai a Jos. Nan ya zauna shekara 15 ba wanda ya san ko na su wane ne.

A 1943 aka sake tono wani kan a wani ramin kuza kusa da Jama'a. Wani akawun wurin ya tafi da shi gida, ya kafa shi a gonarsa ta doya a matsayin mutum-mutumin tsoratar da ɓarna, ya yi kusan shekara guda a can. Daga nan manajan wurin ya gan shi, ya kai shi Jos, ya shiga hannun Fagg a 1944. Da Fagg ya ɗora shi kusa da na 1928, sai ya ga salon hannu ɗaya ne, musamman yadda aka fitar da idanu aka huda ƙwayarsu. A 1945 ya buga bayanin farko a mujallar Africa, kuma shi ya raɗa wa wannan tsohuwar al'umma sunan Nok, da sunan ƙauyen da aka fara samun kayanta.

Ba don wancan kan na farko yana ajiye tare da bayanin inda ya fito ba, da na biyun ya tsaya a matsayin abin mamaki guda ɗaya tilo. Ajiya da rubutu ne suka haɗa biyun, suka zama shaida.

Daga nan Fagg ya shiga zagaya ramukan kuza yana roƙon manajoji da leburori su daina jefar da ɓaraguzan yumɓu, su riƙa sanar da shi, su kuma riƙe wurin da zurfin da aka same su. Yawancin kayan ruwa ne ya kwashe su daga mazauninsu na asali ya binne su cikin yashi tare da kuza, saboda haka kowane ɗan bayani yana da tsada. Gwajin sinadarin kabon da aka yi wa itacen da aka samu a waɗannan ramuka ya sa aka kiyasta zamanin Nok tsakanin shekara 500 kafin Miladiyya da shekara 200 bayanta. Zuwa 1977 an tara guntaye 153 ta wannan hanya.

Hannayen da ba a rubuta ba

Wajibi ne a faɗi irin ramukan da waɗannan kaya suka fito daga ciki. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Tsakanin 1942 da 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta kwashi dubban talakawa daga lardunan Arewa ta hannun En'e, ta kai su aikin tilas a ramukan kuza. Wannan shi ne abin da dattawa ke kira ɗiban gwamna. Sanyin Filato da ƙarancin abinci da cuta sun kashe da yawa daga cikinsu. Masanin tarihi Bill Freund ya bi diddigin lamarin a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzan Najeriya.

A cikin waɗannan shekaru ne kan Jama'a ya fito, kuma Fagg ma'aikacin wannan gwamnati ne. Labarin da ake maimaitawa a littattafai ya riƙe sunan Kanar Young, ya riƙe sunan Fagg, amma mutumin da ya ga kan ya ɗauke shi bai bari ya farfashe ba, akawu kawai ake ce masa. Leburorin da diga da kwanon sarki suka ratsa hannunsu kuwa ko wannan ba su samu ba. Takarda tana adana abin da mai alƙalami ya ga ya isa a adana, shi ya sa wanda ke riƙe da alƙalamin yake da muhimmanci.

Daga sha'awa zuwa hukuma

A 1943 gwamnati ta naɗa Kenneth Murray, wani malamin zane, ya fara kula da kayan tarihin Najeriya. A 1947 Fagg ya bar aikin mulki ya koma mataimakinsa. Abin da yake yi a lokacin hutu ya zama aikinsa na yini.

Babban abin da ya sa a gaba shi ne kayan su sami gida a ƙasar da suka fito. A 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos, ɗaya daga cikin na farko-farko a Najeriya, aka jera kayan Nok inda ɗan makaranta da lebura za su shiga su gani. A 1953 aka kafa dokar kayan tarihi, wadda ta hana fitar da su daga ƙasar ba tare da izini ba. A wannan shekarar ma ya yi tono a Ile-Ife. A 1957 ya gaji Murray a matsayin darakta, ya riƙe muƙamin har 1963, wato ya ratsa da shi daga mulkin mallaka zuwa 'yancin kai. A shekararsa ta ƙarshe aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a Jos da taimakon UNESCO, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka masu amfani da Turanci da masu amfani da Faransanci.

Zanen shanu da duwatsu masu amo

A shekarun 1950 Birnin Kudu tana cikin Lardin Kano. Abin da ya fara jan hankalin ma'aikatan sashen kayan tarihi zuwa garin shi ne zane-zanen da ke jikin kogunan dutse irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Galibin zanen na shanu ne, kuma abin lura a nan shi ne shanun ba su da tozo. Akwai masu dogayen ƙaho, akwai masu gajeru irin na muturu. Shanun da makiyaya ke korawa a wannan yanki yau masu tozo ne. Ke nan zanen yana ba da labarin wani zamani da garken wannan ƙasa yake da wata kama dabam.

Ana cikin nazarin zanen ne aka lura da duwatsun da ke amo a kusa da shi. Fagg ya gabatar da bayani kan zanen da duwatsun a babban taron masana tarihin Afirka karo na 3 da aka yi a Livingstone, a ƙasar da yau ake kira Zambiya, a 1955, aka buga shi cikin kundin taron a Landan a 1957. A 1956 kuma ya buga wata maƙala a mujallar Man kan duwatsu masu amo na Najeriya. Bayan haka rahotanni suka riƙa fitowa na irinsu a Filato da arewacin Kamaru da Yuganda da Sudan, har da yankin Birtani na Faransa da Wales.

Bai tsaya kan dutse kaɗai ba. Ya rubuta yadda mutanen wurin ke hulɗa da shi, ciki har da dangantakar wasu kogunan da al'adun aure, da santsin dutsen da yara ke sulɓi a kansa. Wannan ɓangare na aikin shi ne ya fi saurin ɓacewa. Dutse yana nan inda yake, amma tsohuwar da ta san abin da amare ke yi a gindinsa idan ta rasu ta tafi da saninta. Abin da aka rubuta daga bakin dattawan 1955 shi ne ya tsira, kuma da Turanci aka rubuta shi, a Ingila aka buga shi.

Taruga, Oxford da ƙarshen tafiya

A shekarun 1960 Fagg ya yi tono a Taruga, kusa da inda Abuja take yau. A nan ya sami abin da ramukan kuza suka kasa ba shi: kayan Nok a mazauninsu, ruwa bai gusar da su ba, tare da murhunan narka tama guda 13. Gawayin murhunan ya nuna ana narka ƙarfe a wurin ɗaruruwan shekaru kafin Miladiyya, abin da ya sa Taruga cikin wurare mafiya daɗewa da aka san an yi wannan sana'a a Afirka ta Yamma.

A 1963 ya koma Ingila ya zama shugaban gidan tarihi na Pitt Rivers a Oxford. Ya ƙulla shirin gina masa sabon mazauni mai siffar da'ira, wanda injiniyan Italiya Pier Luigi Nervi ya sa hannu a zanensa, amma kuɗi ba su samu ba, ginin bai tashi daga kan takarda ba. A 1968 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. A shekarar ne kuma Ekpo Eyo ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci sashen da Fagg ya bari. Ya yi ritaya a 1975, ya fitar da littafinsa Nok Terracottas a 1977, ya mutu ranar 14 ga Agusta, 1987, yana da shekara 71.

Iyalinsa sun ci gaba da aikin. 'Yarsa Angela ta yi tono a Samun Dukiya, a yankin Nok. Matarsa Catherine kuwa ta tattara bayanan duwatsu masu amo daga sassan duniya, ta fitar da littafin Rock Music a 1997, shekara 10 bayan mutuwarsa da shekara 42 bayan ziyarar Birnin Kudu.

Kaya ba takarda

Abin da ya biyo bayan mutuwarsa shi ya fi bayyana darajar abin da ya dage a kai. A shekarun 1990 kasuwar kayan Nok ta buɗe a Turai da Amurka. Dillalai suka riƙa ɗaukar matasan ƙauye haya suna tone tsofaffin kufai ba dare ba rana. Ba a tsaya a ƙasar Nok ba. Siffofin yumɓu da ake sayarwa da sunan na Katsina da na Sakkwato, har da na Kwatarkwashi a Zamfara, ta wannan hanya akasarinsu suka fita. Mai tonon sata ba ya auna zurfi, ba ya ajiye gawayi, ba ya rubuta wuri. Yakan ɗauki kan ya watsar da sauran. Siffar tana isa Turai da kyanta, amma tambayar su wane ne suka yi ta, yaushe, don me, an binne amsarta a ramin da aka bari. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa waɗannan kaya cikin jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya.

Gargaɗin bai hana manya ba. A ƙarshen shekarun 1990 Faransa ta sayi siffofi uku, biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato, daga wani dillali a Beljiyam, aka baje na Nok a gidan tarihi na Louvre a 2000, duk da dokar Najeriya ta hana fitar da su. Bayan surutu ya yi yawa, a 2002 aka ƙulla yarjejeniya: Faransa ta amince kayan na Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25 wanda ana iya sabuntawa. Lissafi ya nuna wa'adin yana cika a 2027.

A ɗaya gefen kuma ga abin da takarda ke iya yi. A watan Janairun 1987, watanni kaɗan kafin Fagg ya mutu, ɓarayi suka shiga gidan tarihin Jos da ya gina suka kwashe kaya, ciki har da wani kan tagulla na Ife. Shekara 30 bayan haka, a 2017, kan ya ɓulla a Ingila ana neman sayar da shi, 'yan sandan Landan suka riƙe shi. An gane shi ne domin an san shi a rubuce a matsayin kayan gidan tarihin Jos da aka ba da rahoton satarsa. Dubban siffofin da aka tone a ɓoye ba su da irin wannan shaida, don haka ko an gan su a kantin gwanjo, tabbatar da ramin da suka fito aiki ne ja.

Tonon da aka yi bisa ƙa'ida kuwa ya ci gaba da gyara lissafin Fagg kansa. Tun 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, suka nuna cewa asalin al'ummar Nok ya kai wajen shekara 1500 kafin Miladiyya, kuma gero na cikin abin da suke nomawa. Sun iya yi masa gyara ne domin ya bar abin da za a duba a gyara.

Abin da ya rage wa mutanen Jigawa

Wani zai ce mene ne ruwan Musulmin Gwaram ko Maruta da kan yumɓu da zanen saniya. Ba wanda ya ce a girmama su. Shaidu ne, kamar yadda tsohuwar ganuwa da kufan gari da rijiyar kakanni suke shaidu. Su ne ke nuna cewa an yi noma da kiwo da ƙira a wannan ƙasa tun kafin wani Bature ya zo ya ce tarihinta da zuwansa ya fara. Abin takaici ne a ce wanda ya fi kowa wahalar tattara wannan shaida ma'aikacin mulkin mallaka ne, jikokin masu ita kuma suna wucewa ta gefenta a kan babur.

An ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, Birnin Kudu ta faɗo cikinta da duwatsunta. Zanen yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa da aka kafa da dokar soja mai lamba 77 ta 1979, kuma hukumar tana da cibiya a garin. Amma sanya wuri a jeri ba ya hana rana da ruwa cin launi, ba ya hana yaro rubuta sunansa da gawayi a kan zane, ba ya hana mai fasa dutse matsowa idan ba a shata iyaka ba.

Akwai tambayoyin da ɗan jarida ko ɗalibi ko ƙungiyar matasa ke da ikon yi a rubuce, domin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumar gwamnatin tarayya ta amsa cikin kwana 7. Kogo nawa ne ke cikin rajista a Birnin Kudu, kuma ina taswirar iyakarsu? Nawa aka ware musu a kasafin kuɗi, nawa aka saki? Ina hotunan shekarun 1950, domin a ɗora su kusa da na yau a ga abin da ya goge? Me gwamnati ta shirya yi da aron da ta ba Faransa idan 2027 ta zo?

Akwai kuma abin da ba ya jiran hukuma. Wayar da ke aljihun kowane matashi a yau ta fi kayan aikin da Fagg ya zo da su a 1955: tana ɗaukar hoto, tana naɗar murya, tana nuna wuri a taswira. Har yanzu akwai dattawa a Birnin Kudu da ƙauyukanta da suka yi wasa a waɗannan duwatsu suna yara, suka ji abin da iyayensu mata ke faɗa a kansu. Duk wanda zai je wurinsu, ya tafi da littafi, ya rubuta rana da wuri da Hausa, kuma ya fara da cikakken sunan wanda ya ba shi labarin.